Yadda muka nemo bakaniken da ya tayar da Hondar Malam

Babur ɗin Honda CD175 ne, baƙi, irin wanda mutanen wancan zamani suke kira Benli. Mahaifinmu, wanda duk gidan muke ce wa Malam, ya saye shi a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata. Gwamnatin Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Jerome Udoji a 1974, aka ƙara albashi, aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo da fanka, malaman makaranta da akawuna da yawa kuwa suka nufi shagon babur. Malam yana cikinsu. A kan wannan babur ya kai mu makaranta ɗaya a tanki biyu a baya, a kansa ya je duk wata gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure na dangi, har ƙafarsa ta gaza buga kik. Kafin nan ma injin ya fara wata ƙara a kai, kamar ana kaɗa cokali a kwano. Aka jingine shi a ɗakin zaure, aka lulluɓe da tsohuwar tabarma, ya yi shekaru fiye da goma a nan.

Da Allah ya yi wa Malam rasuwa aka zo rabon gado, babu wanda ya san kuɗin da za a yi masa. Wani ɗan gwangwan ya leƙo ya ce sai dai a ɗora a sikeli. Na ce a sa shi a kasona.

Kafin in shiga labarin neman mai gyara, sai an san irin injin da ake magana a kai, don duk wahalar daga nan ta taso. Honda ta yi CD175 daga 1967 zuwa 1979, daga baya CD185 da CD200 Roadmaster suka gaje shi. Silinda biyu gare shi, girmansa cc 174, kabureta ɗaya ke ciyar da su duka, giya huɗu. Fistin ɗin biyu tare suke hawa tare suke sauka. Kamshaf ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawul, a sama yake, sarƙar tayimin da ke juya shi kuma ta tsakiyar silindojin take bi. Wutarsa bolt 6 ce, kuma da kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa su rabu, yake ba filogi wuta, ba da ɗan akwatin nan na zamani da ake cirewa a jefar a sa sabo ba. Baburan da suka cika titi yanzu, Bajaj da Jincheng da roba-roba, silinda ɗaya ne, wutar galibinsu bolt 12. Yaron da ya yi shekara goma a gareji yau yana iya gama koyon aikinsa bai taɓa sauke inji mai silinda biyu ba.

Gyaran farko

Na fara da bakaniken unguwarmu a Kano, wanda ya shekara da shekaru yana yi min aikin babur ɗin da nake hawa kullum, ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Ya zuba kalanzir ta ramin filogi, ya bar shi kwana biyu, injin ya juya. Ya ce, "Yallaɓai, ringi ne kawai da gasket. Kafin Sallah za ka hau abinka."

Maganar ta yi min daɗi don abin da nake son ji ke nan. Ina so in je idi a kan babur ɗin Malam, kuma wannan gaggawar tawa tana cikin abin da ya ɓata aikin. Ya samo ringin da ya kusa daidai, ya goge bakinsa ya shigar. Gasket bai samu ba, sai ya yanka daga kwali ya shafe da jan gam mai yawa. Sukurorin murfin inji da suka ƙi kwantuwa ya sa musu kurfi da guduma. Babur ya tashi, muka yi murna, yara suka bi ni da gudu har bakin titi. Hayaƙi fari yana fita, ya ce zai daina idan ringi ya zauna. A rana ta uku ƙarar nan ta kai ta dawo, ta fi ta da ƙarfi, kafin in kai gida injin ya ɗaure.

Na ji haushi ƙwarai a lokacin. Da na huce na gane mutumin bai cuce ni da gangan ba, abin da kasuwa ta koya masa ya yi. Tun da darajar naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin talaka, daga baya na China da na Indiya suka shigo da kayan gyaransu masu araha. Yau idan injin ɗan acaɓa ya fara hayaƙi, ana sayen bulo da fistin da ringi a kwali ɗaya, a ɗaura cikin awa biyu, mutum ya koma neman abincinsa. Babu mai biyan bakanike ladan zama ya auna silinda. Sana'ar ta tashi daga gyara ta koma canji, kuma a wannan fagen yaran nan gwanaye ne, hannunsu da sauri. Matsalar ita ce babur ɗin Malam ba shi da kwalin da za a sayo.

Na kai shi wurare biyu bayan nan. Na farko ya ce fistin ɗin roba-roba mai cc 110 zai shiga, tunda faɗinsa milimita 52.4 ne, na Hondar kuma 52. Kusan ya burge ni, don shi ne na fara ji ya ambaci awo. Amma faɗi kaɗai ba ya yin fistin. Akwai inda ramin fil yake, akwai tsayinsa, akwai siffar kansa da gurbin da bawul ke sauka. Da na tambaye shi waɗannan sai ya ce in an ɗaura za a gani. Na biyun bai ɓata min lokaci ba, ya ce a cire injin gaba ɗaya a yi walda a ɗora na China, har da sitata. Shawara ce mai ma'ana ga wanda abin hawa kawai yake nema. Ni kuwa in aka cire injin, ban san me ya rage na Malam ba sai tanki da lamba.

Neman mai hannu

Wata biyu na yi ina tambaya. Allon gareji bai taimaka ba, kowa ya rubuta ƙwararre ne. Na sa cigiya a waya, aka yi ta turo min lambobi, duk wanda na kira sai ya yanka min kuɗi bai ga babur ba.

Hanya ta buɗe ne a masallacin Juma'a. Na ga wani dattijo ya zo a kan Roadmaster, tsohuwa, fentinta ya koɗe, amma da ya buga kik sau ɗaya ta tashi ta zauna a silo, ba hayaƙi, ba ɗigon mai a ƙasa inda ta tsaya. Na bari aka idar, na same shi na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, wa yake taɓa maka injin nan?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce mutum ɗaya ne tun shekaru aru-aru, kuma ba a Kano yake ba, sai na je Zariya. Bayan mako guda, ina yawo a Kofar Ruwa wajen masu tsofaffin kaya, wani mai shago da ya manyanta ya ji abin da nake nema, ya kwatanta min wannan mutumin dai, da unguwar da bishiyar da yake zama a gindinta. Su biyun ba su san juna ba. Wannan ya ishe ni shaida.

Na same shi a wata 'yar rumfa ta kwano a gindin darbejiya. Babu babur ko ɗaya a wurin. Janareto ne da injinan ban-ruwa na masu fadama suka kewaye shi, don su ne ke kawo abinci yanzu. Ya haura saba'in, da tabarau ɗaure da zare. Ya ce min a samartakarsa wurin wani dillalin babura ya koyi aiki, lokacin da ake kawo su sababbi a akwatin katako.

Na nuna masa hoto a waya, na ce, "Baba, nawa za ka gyara min?"

Ya ce, "Ɗana, ni ban iya duba ba. Sai na buɗe."

Sai ya shiga yi min tambayoyi. Wane irin baƙin mai Malam ke zubawa? Bayan wata nawa yake juye? Ƙarar da ta fara yi, a sama take ko a ƙasa, tana ƙaruwa in an ba da wuta ko tana ɓacewa? Sannan ya ce, "Yaushe rabon da a wanke filtar mai?" Na ce wannan babur ai ba shi da filta. Ya yi shiru, ya gyaɗa kai, ya ce in kawo injin kaɗai, da duk wani ƙarfe da aka cire daga jikinsa ko da ya karye.

Abin da aka gani a ciki

Ranar da ya buɗe, wuni na yi a wurin. Ya shimfiɗa buhu mai tsabta, ya jera gwangwanayen madara, kowane rukunin notina da nasa. Ya huda wani kwali ya rubuta hagu da dama, don kada bawul ɗin wannan silinda ya koma waccan. Sukurorin da aka farfasa wa kai ya dube su ya ce sukurorin Japan ne, bakinsu ya ɗan bambanta da na sukundireban da ake sayarwa ko'ina, shi ya sa suke cinyewa. Ya ɗauko wani sukundireba mai kauri da ake bugawa da guduma ya juya da kansa, suka kwance ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da wani ɗan zagayayyen murfi a gefen dama. A bayansa akwai wani abu kamar ƙaramin kofi a bakin karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji. Ya buɗe, ya sa tsinken ƙarfe ya kankaro wani baƙin abu mai tauri kamar ƙanzon tukunya, ya ɗora min a tafin hannu. Ya ce, "Ga filtar da ka ce babu." Ba ta takarda ba ce. Juyawa take yi tare da inji, ƙarfin juyin ya watsa datti ya manne a bangonta, mai mai tsabta ya wuce. In ta cika, dattin sai ya bi mai ya zagaya ko'ina. Ta Malam ta cika maƙil, da alama shekaru masu yawa ba a taɓa ta ba. Malam mutum ne mai kula da juye, amma masu juyen da suka zo daga baya ba su san da ita ba.

Da ya ɗaga kan injin sai sauran labarin ya fito. A wannan inji, kamshaf ba a kan boris yake gudu ba, a cikin gurbin alminiyam yake kwance ta gefe biyu, mai ne kaɗai ke raba ƙarfe da ƙarfe. Hanyar da man ke bi ya hau can siririya ce. Baba ya zura waya a cikinta ya jawo wani jan zare mai danƙo, gam ɗin nan da aka shafa ya matse ya shiga ciki. Dama dattin shekaru ya riga ya ci gurbin, wato ƙarar cokalin da muke ji ke nan. Gam ya zo ya toshe ɗan abin da ya rage. Kamshaf ya yi gudu a bushe har ya kama. Ya yi shuɗi-shuɗi don zafi, gurbinsa kuma ya yi zane kamar an ja ƙusa.

Silindojin ya fara shafa su da farce, farcen ya tsaya a wani ɗan tudu kusa da sama. Sannan ya ɗauko ma'auninsa daga wani akwatin katako da ya naɗe da tsumma, ya auna kowace silinda sama da tsakiya da ƙasa, ta tsaye da ta kwance, yana rubutawa a bayan kwalin. Sun buɗe ta sama, kuma sun daina zama da'ira. Sabon ringi zagayayye a rami mai siffar ƙwai ba zai taɓa riƙe mai ba, ko shekara za a yi ana jira ya zauna.

Abu ɗaya ya sa ya ce alhamdulillahi. Ya kama kowane kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, ya ja sama ya danna ƙasa, babu wasa ko kaɗan. Karanshaf ɗin wannan inji a matse aka haɗa shi, raba shi sai babban injin matsi da mutumin da ya san yadda ake daidaita shi bayan an mayar. Da a ce shi ne ya lalace, ya ce, da ya ba ni shawara in nemi wani injin kawai.

Sai a lokacin ya yi maganar kuɗi. Muka rubuta a takarda a gaban wani maƙwabcinsa mai faci. Ladan hannunsa daban, rabi kafin alƙalami, rabi in inji ya tashi. Kayan gyara ni zan saya da kaina, amma ba za a ɗaura komai ba sai ya duba ya yarda. Kuɗin mai rarake silinda ni zan biya kai tsaye. Duk abin da aka cire a dawo min da shi. Ranar gamawa kuwa ya ƙi sa wa, ya ce ba ya alƙawari a kan kayan da bai gani ba.

Kaya

Nan ne lokaci ya tafi. Kamshaf da gurabensa muka samu a Panteka ta Kaduna, a jikin wani mataccen inji da ƙasansa ya fashe amma samansa lafiya. Baba da kansa ya raka ni, da ma'auninsa a aljihu, ya ƙi guda biyu kafin ya karɓi na uku. Fistin ya fi wuya. Honda ta yi masu ƙarin faɗi hawa huɗu, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00 na milimita. Awon Baba ya nuna 0.25 ba zai share cin da silindar ta yi ba, sai 0.50, ya kuma hana a tsallaka gaba don a bar wa na baya abin da za su rarake. Wani ya kawo min guda biyu a kwali mai jan tambari, ya rantse daga Nnewi suka zo kuma 'yan asali ne. Baba ya ɗora su a ɗan sikeli, nauyinsu ya saɓa, ya mayar.

A ƙarshe daga Ingila muka yi oda, wurin David Silver Spares, masu sayar da kayan tsofaffin Honda, wani ɗan yayarmu da ke karatu can ya taho da su. Fistin biyu da ringinsu, sarƙar tayimin, cikakken gasket da ƙananan robobin da ke tare mai, kwantak da kwandensa. Abin da ya sauƙaƙa neman shi ne kayan cikin CD175 da yawa ɗaya suke da na 'yan'uwansa CB175 da CL175, waɗanda aka sayar da yawa a Turai da Amurka. Duk da haka Baba ya ce a bi lambar da ke jikin injin, kada a bi suna.

Ya hana a kai silinda wurin rarakewa sai da fistin suka iso. Ya ce rami ake yi wa fistin, ba fistin ake nema wa rami ba. Ya tafi da su tare, ya tsaya a kan mai injin har aka gama. Da ya dawo ya wanke silindojin da ruwan zafi da sabulu, ba fetur ba, yana gogawa da farin ƙyalle har ƙyallen ya daina baƙi, sannan ya shafe su da mai nan take.

Haɗawa

Ranar da za a haɗa na yi wani abu da na daɗe ina saƙawa. Na je wurin bakaniken unguwarmu, wanda tun abin da ya faru yake sunkuyar da kai in ya gan ni, na ce ya rufe shago ya raka ni Zariya. Ya yi jim, ya ce, "Yallaɓai, in je a yi min dariya?" Na ce ba haka mutumin yake ba.

Baba bai ambaci gam ba ko sau ɗaya. Ya miƙa masa bawul da man gurzawa, ya ce, "Zauna nan, ɗana, murza min wannan." Da suka gama ya kifa kan injin ya zuba kalanzir a kan bawul ɗin, muka zauna muna kallo ko zai tsiyaye. Ɗaya ya ɗiga, aka sake murzawa. Gasket ya sa shi a bushe yadda ya zo. Ya juya karanshaf har alamar T, mai nuna fistin ya kai ƙololuwa, ta zo daidai da layinta, ya daidaita kamshaf, ya haɗa sarƙa. Notinan kai ya ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku. Tazarar bawul milimita 0.05 ce, inji na sanyi, ya auna da wani siririn ƙarfe kamar reza, ya ba baƙon nasa ya ja ya ji yadda take ɗan riƙewa. Bakin kwantak tsakanin 0.3 da 0.4. Lokacin wuta kuma da ɗan ƙwan fitila da waya biyu ya sa shi, ƙwan ya kama daidai sa'ad da alamar F, mai nuna lokacin ba da wuta, ta iso.

Muka ɗora inji a jikin babur ɗin, wanda muka taho da shi daga Kano, aka zuba mai lita ɗaya da rabi. Na kai ƙafa zan buga, ya riƙe ni. Ya cire filogi biyun, ya buɗe murfin bawul ɗaya, ya sa jikansa ya yi ta buga kik a banza. Yaron ya yi gumi, mu kuma mun zura ido a ramin. Can sai ga mai ya ɓullo ya jiƙa kamshaf. Baba ya ce, "To, yanzu bismilla."

A bugu na uku ya tashi. Ban san na riƙe sautin nan a kaina ba sai da na ji shi, sautin da in muka jiyo daga kwanar layi muke rugawa mu buɗe ƙyaure. Na koma gefe na zauna a kan benci na ɗan lokaci.

A motar a-kori-kura muka kawo shi Kano, don Baba ya hana a bi da shi babban titi. Ya ce kilomita 500 na farko a cikin gari, kada a matsa masa wuta, kada kuma a bar shi yana nishi a babbar giya. Mai kuma na babur za a riƙa zubawa, tunda inji da giya da kuloci duk a mai ɗaya suke wanka. Da na cika adadin na mayar masa, ya juye, ya sake ɗaure kai, ya sake auna bawul. Wata biyar aikin ya ci daga ranar da na fara zuwa rumfarsa, abin da na kashe kuma ya kusa sayen sabon babur ɗan China. Yaya ya ce da kuɗin na sa a wani abin. Ban yi musu da shi ba, amma shi ya fara karɓar makulli ya zaga unguwa.

Akwai saura. Fitilar bolt 6 ba ta da haske sosai, ba na fita da shi bayan isha'i. Wajen sandar kik yana ɗan naso, robar wurin ba ta cikin kayan da muka yi oda. Baba kuma idonsa na raguwa, jikan nasa ya fi son aikin janareto don shi ke da kuɗi a hannu, ban kuma ga laifinsa ba.

Juye na uku a unguwa aka yi shi. Ban ce komai ba, na zauna ina kallo. Bakaniken namu ya zubar da tsohon mai, sannan ya zagaya gefen dama ya kwance ɗan zagayayyen murfin nan da sabon sukundireba irin na Baba, wanda ya ce a Sabon Gari ya samo. Ya lakato abin da ke cikin kofin da yatsa, ɗan toka-toka ne kaɗan, ya nuna min, ya kira yaransa biyu su ma su zo su gani.